Georges Méliès: Mai dabon da ya ƙera kyamararsa da hannunsa, ya ƙare yana sayar da alewa a tashar jirgi

Duk mai kallon gajerun bidiyoyin TikTok ya san dabarar nan: yarinya ta tsaya gaban waya da kayan zaman gida, ta kaɗa hannu, sai ga ta cikin kwalliyar biki. Sirrin bai wuce a tsayar da ɗauka, a canza kaya, a koma daidai inda aka tsaya, sannan a ci gaba ba. Wannan dabara ta haura shekara 120 a duniya, kuma mutumin da ya fi kowa yaɗa ta shi ne Georges Méliès, wani Bafaranshe ɗan gidan masu ɗinkin takalma, wanda aka hana shi sayen kyamara ya koma ya haɗa tasa.

Méliès ya shirya finafinai sama da 500 tsakanin 1896 da 1913, yawancinsu a cikin lambun gidansa. Akwai lokacin da ake kallon aikinsa daga Paris har New York. Amma kafin ya rasu sai da ya rasa gidan, ya rasa gidan wasansa, ya cinna wa finafinansa wuta da kansa. Tarihinsa na mutumin da ya iya ƙera komai ne da hannu, sai dai bai iya riƙe abin da ya ƙera ba.

Yaron da ya fi son zane da karatu

An haifi Georges Méliès a birnin Paris ranar 8 ga Disamba, 1861. Mahaifinsa, Jean-Louis, mai ɗinkin takalma ne da ya fara daga ƙasa har ya mallaki masana'antar takalman manyan mutane. Mahaifiyarsa ƴar asalin ƙasar Holan ce, ita ma daga gidan masu wannan sana'a. Georges ne ƙaramin cikin maza uku, bayan Henri da Gaston.

An sa shi a manyan makarantu, har da lise Louis-le-Grand, kuma ya samu BAC a 1880. Sai dai tun yana yaro hankalinsa na kan zane. Littattafansa na makaranta cike suke da hotunan malamai da na fadoji, kuma yana ɗan shekara 10 ya fara haɗa ƙaramin dandalin wasan ƴartsana da kwali.

Bayan aikin soja, mahaifinsa ya tura shi Landan a 1884 domin ya koyi Turanci da kasuwanci. A can ya riƙa zuwa Egyptian Hall, gidan wasan dabo na John Nevil Maskelyne, kuma abin ya shiga ransa. Da ya dawo gida ya nemi shiga makarantar koyon zane, uban ya ƙi. Sai aka ba shi kula da injinan masana'anta. Aikin bai yi masa daɗi ba, amma a nan ya koyi kwance inji da ɗaure shi, ilimin da ya amfane shi fiye da duk wata takardar makaranta.

A 1885 ya auri Eugénie Génin. A 1888, da mahaifinsa ya ajiye aiki, Georges ya sayar wa yayyensa kasonsa na masana'antar, ya haɗa da dukiyar da matarsa ta zo da ita, ya sayi Théâtre Robert-Houdin, wani ƙaramin gidan wasan dabo a tsakiyar Paris. Gidan ya zo da ƙofofin ɓoye a daɓe, da igiyoyi, da mutum-mutumi masu motsi da injin irin na agogo. Ya gyara su, ya kuma ƙirƙiro sabbin wasanni fiye da 30 cikin ƴan shekaru. Cikin ma'aikatan da ya gada akwai wata ƴar wasa mai suna Jehanne d'Alcy, wadda za ta sake bayyana a ƙarshen rayuwarsa.

Ranar da aka ƙi sayar masa da na'ura

A ƙarshen Disamba 1895, ƴan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna hotuna masu motsi a wani ɗaki da ke ƙarƙashin Grand Café a Paris. Méliès na cikin waɗanda suka kalla. Nan take ya taya na'urar faran 10,000, amma iyalan Lumière suka ƙi sayarwa.

Bai zauna jira ba. Ya tafi Landan ya sayo majigi daga hannun wani mai ƙera na'urori, Robert W. Paul, kuma a watan Afrilu 1896 ya fara nuna finafinan wasu a gidan wasansa. To amma shi nasa yake son ɗauka, ga shi ba kyamara.

A nan ilimin injin takalma ya yi rana. Majigi da kyamara kusan hanji ɗaya gare su. Dukkansu suna jan doguwar ledar fim mai ramuka a gefe, su tsayar da ita na ɗan ƙiftawar ido a bayan gilashi, su sake ja, kusan sau 16 a daƙiƙa ɗaya a wancan zamani. Bambancin shi ne majigi yana fitar da haske ta cikin ledar zuwa bango, kyamara kuwa tana karɓar haske daga waje ta zuba shi a kan ledar da ba ta taɓa ganin haske ba. Méliès ya yi nazarin majigin Paul, ya juya aikinsa, ya mayar da shi kyamara. Ledar da ya samo ba ta da ramuka, sai da aka nemi hanyar huda ta. Wankin fim ma da gwaji da kuskure ya koya.

A watan Satumba 1896, shi da abokan aikinsa Lucien Korsten da Lucien Reulos suka yi rajistar wata na'ura tasu mai suna Kinétographe. Tana da nauyi, ana murza ta da hannu, kuma saboda ƙararta Méliès yakan kwatanta ta da injin niƙan kofi. Daga baya da kyamarori masu kyau suka shigo kasuwa ya sayi nasa, amma da wannan haɗin gida ya fara.

Dabarar tsayar da ɗauka

Finafinansa na farko ba su bambanta da na Lumière ba: mutane na wasan kati, jirgi na isowa tasha, titunan birni. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, wata rana yana ɗaukar zirga-zirga a dandalin Opéra sai kyamarar ta cije. Kafin ya gyara ta minti ɗaya ya wuce. Da ya wanke fim ɗin ya haska, sai ya ga keken dokin fasinja ya rikiɗe ya zama na ɗaukar gawa, maza sun koma mata.

Wani fim na kamfanin Edison a Amurka ya riga shi amfani da wannan dabara a 1895, wajen nuna sare kan sarauniya Mary ta Scotland. Amma Méliès ne ya mayar da ita sana'a. A 1896 ya ɗauki Escamotage d'une dame, inda ya lulluɓe Jehanne d'Alcy da mayafi ta ɓace, ƙwarangwal ya bayyana a kujerarta, sannan ta dawo. A dandali sai da ƙofar ɓoye ake yin wannan. A fim kuwa tsayar da kyamara da almakashi sun wadatar. A shekarar ce kuma ya yi Le Manoir du diable, fim na kusan minti 3 da da yawa ke ɗauka a matsayin fim ɗin ban tsoro na farko.

Ɗakin gilashi a cikin lambu

Fim a lokacin sai da rana mai ƙarfi, ga iska da ruwan sama na lalata kayan ado in an ɗauka a fili. Don haka Méliès ya zana wani gini da kansa, aka gina shi a lambun gidan iyalinsa da ke Montreuil, gabas da Paris, aka fara aiki a ciki a 1897. Bango da rufi duk gilashi ne domin haske ya shiga, kuma an auna wurin wasan daidai da dandalin Robert-Houdin, da ƙofofin ɓoye da ƙugiyoyin ɗaga mutane sama. Yana cikin ɗakunan shirya fim na farko a duniya.

Kusan komai shi ke yi. Shi ke rubuta labari, ya zana tufafi, ya tsara injinan dandali, ya ba da umarni, sannan ya fito a matsayin jarumi. Bangon ado da launin toka kala-kala ake fentinsa, domin ledar wancan lokaci ba ta fassara launuka yadda ido ke ganinsu. Da rana yana Montreuil, da yamma ya koma Paris domin wasan dare. Kamfaninsa ya sa masa suna Star Film, da tambarin baƙar tauraruwa.

A wannan ɗaki ya ƙware a dabarar ɗauka a kan ɗauka. Inda duk aka rufe da baƙin ƙyalle, ledar fim ba ta kama komai a wurin, saboda haka ana iya mayar da ita baya a sake ɗaukar wani abu a gurbin. A Un homme de têtes na 1898 ya cire kansa sau uku ya jera a kan tebur, kawunan na motsi. A L'Homme-orchestre na 1900 ya fito mutum bakwai a lokaci guda, kowanne da abin kiɗansa. Ledar guda ce ke bi ta cikin kyamara sau bakwai, kuma kuskure ɗaya a zagaye na ƙarshe ya isa ya lalata aikin gaba ɗaya. A L'Homme à la tête en caoutchouc na 1901 kansa ya yi ta kumbura har ya fashe. Kyamarar ba ta motsa ba. Shi ne ya zauna a kujera mai taya ana jawo shi zuwa gare ta, jikinsa a rufe da baƙi.

Ba wasa kaɗai ya yi ba. A 1899, lokacin da shari'ar Alfred Dreyfus, hafsan sojan nan Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, ta raba kan Faransawa, Méliès ya yi jerin gajerun finafinai a kanta, yana mai goyon bayan Dreyfus. A 1902 kuma ya shirya bikin naɗin sarkin Ingila Edward na Bakwai a Montreuil da ƴan wasa, tun kafin a yi naɗin na gaskiya.

Tafiya zuwa wata

A 1902 ɗin ne ya fitar da aikin da har gobe ake tuna shi da shi, Le Voyage dans la Lune, wato tafiya zuwa wata, wanda ya samo tushensa daga littattafan Jules Verne da wasannin dandali na lokacin. Masana taurari shida sun shiga wani kumbo mai siffar harsashi, aka harba su da ƙatuwar igwa. Sun sauka a wata, dusar ƙanƙara ta kore su cikin kogo mai manyan lemar kwaɗi, suka haɗu da mazauna wurin waɗanda ke fashewa su zama hayaƙi in an buge su da laima. Daga ƙarshe suka gudo suka faɗo cikin teku, aka yi musu gagarumar tarba. Méliès ne ya fito a matsayin shugaban tawagar, Farfesa Barbenfouillis, ƴan tsalle-tsalle na Folies Bergère kuma suka fito a mazauna wata.

Hoton da ya fi shahara a fim ɗin shi ne na fuskar wata tana matsowa, kumbon ya cake ta a ido. Dabarar kujera mai taya ce dai aka sake amfani da ita. Fim ɗin ya kai kusan minti 14 a zamanin da yawancin finafinai ba sa wuce minti 2 ko 3, ya ci wata uku ana aikinsa, ya kuma lashe kimanin faran 10,000. Wasu kwafin an yi musu launi da hannu, hoto ɗaya bayan ɗaya, a ma'aikatar Élisabeth Thuillier da ke Paris, inda mata kusan 200 ke aiki da ƙananan buroshi, kowacce da launin da take sakawa.

Kura da shan bugu

Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, musamman a Amurka. Sai dai kuɗin Amurka bai shiga aljihun Méliès ba. A lokacin sayar da kwafi ake yi bisa tsawon mita, kuma duk wanda ya samu kwafi ɗaya yana iya buga wasu daga jikinsa. Kamfanonin Amurka, ciki har da na Siegmund Lubin da na Edison, sun yi ta yaɗa kwafinsu ba tare da biyan sa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A 1903 ya tura yayansa Gaston ya buɗe ofishin Star Film a New York domin yaƙi da satar fasaha. Suka fara yi wa finafinan rajista a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kuma Méliès ya koma ɗaukar uwar fim biyu a lokaci guda, wato asalin ledar da ake buga kwafi daga gare ta, ɗaya ta Turai, ɗaya a aika New York. Ya ci gaba da manyan ayyuka irin su Le Royaume des fées a 1903 da Le Voyage à travers l'impossible a 1904.

Amma kasuwar na canzawa. Kamfanoni irin su Pathé da Gaumont sun zama masana'antu masu fitar da finafinai da yawa cikin rahusa, aka kuma koma bayar da fim haya maimakon sayarwa. Ƴan kallo sun fara son labaran da kyamara ke bin mutane waje, tana matsowa kusa da fuska, ana yanka daga wannan wuri zuwa wancan. Méliès kuwa ya ci gaba da kafa kyamararsa wuri guda kamar ɗan kallo a kujerar gidan wasa, yana yin komai da hannu.

Da kuɗi suka yi ƙasa, ya ƙulla yarjejeniya da Charles Pathé: a ba shi jari, Pathé ya rarraba finafinan tare da ikon yanke su yadda ya so, gidan Montreuil da ɗakin gilashin kuma su zama jingina. Finafinan da suka biyo baya, har da À la conquête du pôle na 1912, ba su mayar da kuɗi ba. A ɗaya ɓangaren Gaston ya tafi ɗaukar finafinai a tsibiran tekun Pasifik da Asiya, ya tafka asara, ya sayar da reshen Amurka. Ƴan'uwan ba su sake shiri ba har Gaston ya rasu a 1915. A 1913 matar Georges, Eugénie, ta rasu ta bar shi da ƴaƴa biyu, Georgette da André. Daga wannan shekara bai sake shirya fim ba.

Wutar 1923

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jinkirta biyan bashin, amma bai yafe shi ba. Masu tarihin fim sun ruwaito cewa a lokacin yaƙin an narkar da ɗaruruwan kwafin finafinansa domin a cire azurfar da ke jikin ledar, sauran kuma aka yi dunduniyar takalman soja da shi. Ɗan masu takalma da ya gudu daga sana'ar gidansu, ga aikinsa ya koma takalmi.

Shi da iyalansa suka mayar da ɗaya daga ɗakunan Montreuil gidan wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe, suna ci da shi har 1923. A shekarar aka rushe Théâtre Robert-Houdin domin tsawaita titin Haussmann, aka kuma karɓe gidan Montreuil saboda bashi. Méliès ba shi da inda zai adana tulin ledojin, waɗanda ke kama wuta cikin sauƙi. Cikin ɓacin rai ya ƙone uwayen finafinan da ke hannunsa, tare da kayan ado da tufafi masu yawa.

A 1925 ya auri Jehanne d'Alcy, wadda ke da ƙaramin shagon alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. A nan ya shafe shekaru yana tsare shago daga safe har dare, cikin sanyi da ƙarar jirage, yana zane in babu ciniki. Dubban matafiya na wucewa ta gabansa kowace rana ba su san ko shi wane ne ba.

An tuna da shi a makare

Wani ɗan jarida mai suna Léon Druhot, editan mujallar Ciné-Journal, na cikin waɗanda suka gano shi a tashar suka fara rubutu a kansa. Aka shiga neman abin da ya rage na finafinansa, kuma a watan Disamba 1929 aka shirya masa daren karramawa a zauren Pleyel na Paris, inda aka nuna kaɗan da aka samu. A 1931 aka ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur, kuma Louis Lumière, ɗan gidan da suka ƙi sayar masa da na'ura shekara 36 da suka wuce, shi ya miƙa masa ita.

Lambar ba ta zo da kuɗi ba. Sai a 1932 ƙungiyar ma'aikatan fim ta sama masa mazauni a gidan tsofaffin ƴan fim da ke Orly, tare da matarsa da jikarsa Madeleine. A can ya saba da wasu matasa biyu, Henri Langlois da Georges Franju, waɗanda ke tattara tsofaffin finafinai don kada su salwanta. Sun samu wani ɗakin ajiya a Orly suka damƙa masa makullinsa. Wannan tarin ne ya zama Cinémathèque française, ɗaya daga manyan ma'adanar finafinai a duniya. Mutumin da ya ƙone nasa, shi aka fara bai wa tsaron na wasu.

Georges Méliès ya rasu sakamakon ciwon daji ranar 21 ga Janairu, 1938, yana da shekara 76. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise da ke Paris.

Abin da ya tsira

Daga cikin finafinansa sama da 500, kimanin 200 ne ake da su a yau. Da yawansu sun tsira ne saboda ba sa hannunsa a 1923: wasu na Amurka, wasu na akwatunan masu yawon nuna majigi a kasuwanni, wasu na ma'adanai a ƙasashe daban-daban. Jikarsa, Madeleine Malthête-Méliès, ta shafe shekaru masu yawa tana bin sawunsu ƙasa-ƙasa.

A 1993 aka samu kwafin Le Voyage dans la Lune mai launin hannu a ma'adanar finafinai ta Barcelona, ledar ta manne ta zama dunƙule. Masu gyara sun ɓanɓare ta a hankali, suka ɗauki hoton gutsattsari sama da 13,000, aka haɗa su da kwamfuta, aka nuna fim ɗin a bikin Cannes na 2011. A shekarar ce Martin Scorsese ya fitar da fim ɗin Hugo, inda Ben Kingsley ya fito a matsayin tsohon mai shagon tashar Montparnasse. A 2021 Cinémathèque française ta buɗe gidan tarihi mai ɗauke da sunansa.

Ga matasan da ke shirya bidiyo da waya a yau, ko masu kwance rediyo da fitila su haɗa abin da kasuwa ba ta ba su ba, rayuwar Méliès ta nuna cewa rashin kayan aiki ba shi ne ya kayar da shi ba, domin wannan ya shawo kansa cikin ƴan watanni. Abin da ya ci shi shi ne kwafin da ya fita hannunsa ba tare da kariya ba, takardar bashin da ya sa wa hannu da gidansa a ciki, da kuma ajiye dukan aikinsa a wuri ɗaya. Finafinan nasa da suka tsira suna nan a YouTube, kuma tafiyar watan ba ta kai kwata ɗin awa ba.